Ɗakin da Ba Wanda Ya Faɗi

Ni tela ne, kuma tela ba ya rasa haƙuri, don zagi abincinmu ne na kullum. Amma akwai maganar da ko yau aka faɗe ta a gabana sai na ajiye almakashi na fita waje na sha iska: a dubi marar lafiya, a langaɓar da kai, a ce masa ya kwanta ya huta. Magana ce mai daɗin ji, irin ta masoya. Labarin Yayata zan ba ku, amma tun yanzu ku sani duk rigimar da aka yi a kan abu ɗaya ce tak: ko Innarmu za ta bar asibiti a kan ƙafafunta, ko a ɗauke.

Yaya nas ce. Ita ce ta fari a ɗakinmu, ni ne auta. Babanmu ya rasu ina goye, Inna ta rene mu da tallar gwanjo, ƙunshin kaya a ka, gida-gida, layi-layi, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Ko da muka girma muka ce ta ajiye, ba ta iya zama ba. In ta rasa abin yi sai ta ƙirƙiri dubiyar wani a wata unguwa mai nisa, ta tafi a ƙasa. Yaya ta gaji wannan ƙafar, ta haɗa da baki. Gajeruwa ce mai jiki, ba ta sa takalmi mai tsini, kuma kafin ka gan ta ka ji ta. Lallashi ba ya cikin abin da ta iya: in ta ce maka sannu sai ka duba ko wani laifi ka yi. Ina yaro in na ce kaina na ciwo ranar makaranta, sai ta dafa goshina ta ce irin wannan ciwon a hanya yake warkewa. Mijinta malamin makaranta ne mai sanyin hali, yakan ce shi tunda ya yi aure bai sake sayen agogo ba.

Ta daɗe a ɗakin mata masu tiyata na wani babban asibiti, har ta zama ita ce babbar sista a wurin. Ɗaki ne dogo, gadaje layi biyu, fankoki a sama rabinsu ba sa juyawa, banɗaki kuma can ƙarshen baranda. Kusa da teburin nas-nas akwai wata fosta da ta koɗe don daɗewa, hoton wata mata tana murmushi tana jan sandar ƙarin ruwa. Abin da fostar ke cewa shi ne masu bincike sun gano cewa wanda aka yi wa aiki, in aka tashe shi da wuri ya zauna, ya tsaya, ya ɗan taka, ya fi saurin komawa gida: huhu na buɗewa, jini ba ya daskarewa a ƙafa, baya ba ya miki. Ba sirri ba ne. Likitoci sun sani, nas-nas sun rubuta shi a jarrabawa, an ma kwashe su an kai su bita a otal, aka ci aka sha aka raba musu jaka da biro. Suka dawo kowa ya rataye jakarsa. Marasa lafiya kuwa suna nan kwance reras, abinci a gado, fo a gado, har ranar sallama.

Wata shekara aka tura Yaya wani kwas, tana ƙunƙuni ta tafi. Da ta dawo shagona ta wuto kai tsaye, ta ture yadin mutane ta zauna a benci. Ta ce wata malama ta yi musu tambayar da ba a taɓa yi musu ba: tunda kun san abin, me ya hana ku yi? Malamar ta ce sani daban, yi daban. In ka ga mutum ya san abu mai kyau ne amma ba ya yi, ƙarin wa'azi ɓata yawu ne. Ka je ka zauna da shi ka gano ko iyawa ce bai yi ba, ko hali ne ba a ba shi ba, ko kuwa akwai abin da ke tsorata shi ko ke ba shi kunya. In ka gano, shi za ka gyara, ka bar kunnen bawan Allah ya huta. Na ce Yaya, wannan ai ba sai an je kwas ba, wane tela ne bai san cika alkawari na da kyau ba? Ta ce to ka gani, Auta, ashe kai ma ka yi karatun.

Sai ta koma ta shiga bin mutane da tambaya, ita da ba ta saba neman ra'ayin kowa ba. Abin da ta ji ya ba ta mamaki. Wata nas da ta yi shekara da shekaru a ɗakin ta gaya mata a asirce cewa ita fa ba ta san yadda ake ɗaga mace mai jiki ba tare da ta ji wa nata bayan ciwo ba, kuma da girmanta ba za ta tambayi yara ba. Wasu suka ce da safe aiki kamar ya kashe su, yaushe za su sami lokacin yawo da mutane. Dukkansu kuma suka haɗu a kan magana ɗaya: in marar lafiya ta faɗi, wa za a kama? Marasa lafiya su ma da tasu. Wata tsohuwa ta jawo Yaya kusa ta raɗa mata cewa rigar asibitin nan a buɗe take ta baya, 'yan igiyoyi biyu ne kawai, ga surukinta zaune a baranda. Ita da furfurarta ta tashi ta wuce ta gabansa baya a waje, jakar fitsari na reto a hannu? Gara ta ruɓe a gadon. Wata kuma ta ce to in ta tashi ina za ta, tunda ba wurin zama ko ɗaya tsakanin gadonta da banɗaki. Masu jinya kuwa, wato dangin da ke zama da marar lafiya, da zarar ta yunƙura sai hannu uku su mayar da ita kan matashi, don a wurinsu wannan ita ce kulawa.

Ranar da ta zo min da maganar riga na ɗauka wasa take. Ta ce in ɗinka mata wadda za ta naɗe jiki a ɗaure ta a gefe, mai aljihu ta ciki da jakar fitsari za ta shige, amma likita ya iya buɗewa ya duba ɗinkinsa ba sai an tuɓe mutum ba. Na ɗinka ta dawo da ita, na gyara ta sake dawowa da ita, har na ce ni ko amarya ba ta taɓa wahalar da ni haka ba. Da rigar ta yi mata, ta kai wa masu ɗinkin asibiti ta tsaya a kansu har suka mayar da tsofaffin rigunan haka.

Ba ta ƙara fosta ko ɗaya ba. Ta roƙo kujeru daga wani ofis da ba a zama, ta ajiye su a tsakiyar baranda, don wadda ta gaji ta san akwai inda za ta mayar da numfashi. Ta lura a tagar ƙarshen baranda ne kawai waya ke kamawa sosai, sai ta kai butar ruwan zafi da benci can. Duk mai son shayi ko mai son jin muryar jikanta, ga hanya nan. Maganar lokaci kuma ta liƙa ta a jikin abin da dama ake yi: da safe in an zo canza zanen gado dole a motsa marar lafiya, to maimakon a mayar da ita kwance, a zaunar da ita a bakin gado ƙafa a ƙasa. Akwai wata nas da ta fi kowa taurin kai, ana ce mata Sista Ba-Ruwana, don duk sabon abin da aka kawo amsarta ke nan. Ita ce Yaya ta fara koya wa dabarar ɗagawa, sannan ta ce ita za ta koya wa sauran. Mace an ba ta girma, sai ga ta ta fi Yaya zaƙewa. Masu jinya kuma ba ta kore su ba, aiki ta ba su: ke riƙe nan, ke tsaya ta wancan gefen, yau ku ne sandarta. Ta ce min ɗan'uwa so yake ya yi wani abu, in ba ka ba shi na kirki ba zai yi na ɓarna da zuciya ɗaya.

Abin ya karɓu. Matan ɗakin suka sa mata suna Tashi-mu-je, har masu shara da shi suke kiran ta. Tari ya ragu, warin miki ya ragu, gadaje suka riƙa samuwa ga masu jiran aiki. Shugaban asibiti ya fara kawo baƙi yana nuna musu baranda yana cewa "shirinmu", Yaya tana gefe tana haɗiye dariya.

Sai wata rana wata mata da aka yi wa aikin ciki ta ga kowa na tafiya, ba ta jira an zo an riƙe ta ba, ta miƙe ita kaɗai bayan an ba ta wani magani mai sa jiri. Ta faɗi, girarta ta fashe. An ɗinke, ta warke, da ƙafarta ta koma gida. Amma ɗanta ya riga ya ɗauki hoton jini a ƙasa da wayarsa ya watsa wa duniya. Kwamiti ya zauna. Ni ban ce kada a bincika ba. Yaya da kanta ta ce akwai gyara, ta kawo shawarar a riƙa rataya alama a gadon duk wadda aka ba irin maganin nan. Ko kallon ta ba su yi ba. Hukuncin da suka yanke shi ne daga ranar ba a sauke marar lafiya daga gado sai likitanta ya rubuta izini, kuma sai mai gashin ƙashi yana tsaye a wurin. Mai gashin ƙashi, wato mai koya wa marasa lafiya motsa jiki, mutum ɗaya ne tal a duk faɗin asibitin! Kujeru aka ce suna tare hanya, aka kwashe. Yaya kuma aka ce ta gaji, tana bukatar canjin wuri, aka tura ta ɗakin dafa kayan tiyata a ƙasan bene, inda ba abin da za ta tasa sai almakashi da tire. Aka ba Ba-Ruwana ɗakin.

Sauran nas-nas a wannan karon ba sai an kai su otal ba. Sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, kowa ya shafa wa nasa ruwa. Darasin da aka yi shekaru ana koyarwa bai shiga ba, na tsoro cikin yini ɗaya ya shiga, ya zauna.

Ba a rufa shekara ba Inna ta zame a banɗakin gida, ƙashin ƙugunta ya karye. Asibitin muka kai ta, ɗakin nan dai. Aiki ya yi kyau. Likitan, wani matashi mai fara'a, ya fito ya ce mana ƙarfen da ya sa ya zauna daram, gobe ma in an riƙe ta za ta iya tsayawa, kuma shi ya fi so ta tsaya ɗin. A baranda ya faɗa, yana tafiya yana amsa waya. Bai rubuta ba.

Washegari yana ɗakin tiyata tun safe. Bayan nan aka ce ya tafi taro wani gari. Wanda ya riƙe masa aiki ya ce shi ba ya sa hannu a kan ƙashin da ba shi ya haɗa ba. Da likitan ya dawo ya rubuta, sai aka ce a jira mai gashin ƙashi, layinsa ya kai har ɗakin yara. Ranar da ya leƙo Inna na barci, ya ce zai dawo. Sai hutun ƙarshen mako ya shigo. Duk wanda ka tambaya yana da amsa mai hankali, kowa ya yi aikinsa, ba wanda za ka kama wa kwala ka ce kai ne. Wannan shi ya fi ƙona min rai.

A kwanakin farko Inna da kanta take neman tashi. Ta tsani fo kamar mutuwarta. Matar da ko mu 'ya'yanta ba mu taɓa ganin gwiwarta ba, ga ta ana ɗaga ta ana tura mata roba a bayan labule. Kullum sai ta tambayi silifas ɗinta. Amma ga Goggo, ƙanwar babanmu, ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon ta ce ita da barin wurin sai an sallami matar wanta. Allah ya sani Goggo tana son Inna. Ita ke goge mata jiki, ita ke ba ta abinci a baki alhali hannun Inna lafiyarsa ƙalau. Silifas ɗin ta cusa su a ƙasan jakarta ta zuge. In Inna ta yunƙura sai ta dafe mata kafaɗa. Ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mace ta ƙare rayuwarta tana yawo a rana saboda mu, yau Allah ya kawo mata hutu muna mata baƙin ciki. Sauran 'yan'uwana suka goya mata baya, 'yan dubiya ma haka. Duk wanda ya shigo sai ya nuna ya fi na gabansa tausayi: wannan ya ƙara matashi, wancan ya ja bargo, wata ta ba da labarin maƙwabciyarta da ta tashi da wuri ƙarfen ya goce. Haka aka yi ta cika kunnen tsohuwa da tsoro.

Yaya tana hawowa daga ƙasan bene duk lokacin da ta sami sarari, hular aiki a kanta. Ina wurin ranar da ta tare Ba-Ruwana a bakin teburi. Ban taɓa jin Yayata ta sassauta murya haka ba.

"Ke na fara koya wa, ke kika koya wa sauran," ta ce. "Kin san abin da kwanciyar nan ke yi wa tsohuwa. Uwata ce."

Ba-Ruwana ba ta ɗago daga kan magungunan da take jerawa ba. Ta ce, "Sista, ke da kika fi ni shekaru da baki an jefa ki ƙasan bene. Ni ina za a jefa ni? Marayu nake riƙe da su. Ki kawo min mai gashin ƙashin nan ya tsaya, wallahi da hannuna zan ɗaga ta."

Na so in ji haushinta, amma abin ya ƙi zama a kanta. Ƙwaya ɗaya ta suɓuce mata ta gangara ƙarƙashin teburi, ta durƙusa nema.

Da Yaya ta ga kwanaki na tafiya, ta kira ni ta ce in rufe shago in zo lokacin ziyara, ita za ta cire kayan aiki ta shigo a matsayin 'ya. Muka jira Goggo ta tafi ɗebo ruwa, muka ja labule. Ta nuna min inda zan sa hannu, muka zaunar da Inna a bakin gado. Wallahi na ga fuskar tsohuwar nan ta washe da tafin ƙafarta ya ji sanyin siminti. Sai ga Goggo ta dawo, ta yaye labule, ta ɗora hannu a ka ta rafka salati, wai za mu kashe mata matar wa. Ɗaki ya ɗauka. Nas ta zo, mai gadi ya zo, wani daga ofis ya zo da kati yana reto a wuya. A gaban Inna ya gaya wa Yaya cewa ita ba ma'aikaciyar wannan ɗakin ba ce, an taɓa yi mata afuwa, in ta sake to ta san inda ƙofa take, kuma babbar sistar ɗakin ma za ta amsa tambaya. Yaya ta ce ya kore ta ɗin. Ta juya ta kama hannun Inna ta ce su tashi.

Inna ta zare hannunta.

"Mayar da ni," ta ce. "Ban yi tallar gwanjo na kai ki makaranta don a kore ki a kan ƙafata ba. Mayar da ni na ce."

Yaya ta roƙe ta, ta yi faɗa, ta ce aiki ana samun wani, ƙafa kuwa ba a kasuwa ake sayen ta ba. Inna ta rufe ido ta kau da kai. Da hannunmu muka ɗaga ƙafafun muka mayar kan katifa, Goggo ta ja bargo ta rufe. Daga ranar Inna ba ta sake tambayar silifas ɗinta ba.

Duk abin da ake gudu ɗaya bayan ɗaya suka zo. Tari ya fara, zazzaɓi ya biyo, aka ce ciwon huhu ne. Yaya ta so mu ɗauke ta mu koma gida ta yi jinyarta da kanta, amma yanzu ga robar iska a hanci, ga allurai ta jijiya, ina za a kai ta? Mai gashin ƙashi ya zo ya tarar da zazzaɓi, ya ce sai ya sauka. Miki ya buɗe a ƙasan bayanta. Goggo tana kuka tana cewa kun gani ko, da an bar ku kun tashe ta ai da abin ya fi haka. Makonni suka shige a haka.

Da zazzaɓin ya sauka, mai gashin ƙashi ya zo da ƙarfen dogarawa. Ba mugun mutum ba ne, wani siriri ne da gajiya ta cinye, rigarsa jiƙe da gumi. Ya yaye bargo, na ga ƙafafun Inna ban gane su ba, ƙwaurin ya koma kamar sillen kara. Ya ɗaga ta, gwiwoyin suka lanƙwashe. Ya sake, suka sake. Sai ya juyo ya dube mu, ransa a ɓace, ya ce don Allah me ya sa muka bar ta kwance tsawon wannan lokaci? Mu! Sai da Yaya ta riƙe min riga. Na gaya masa abin da ya sawwaƙa, ya tsaya yana saurare har na gama, sannan ya ce shi kaɗai ne, kuma ba shi ya kafa dokar ba. Shi ma da gaskiyarsa.

Ranar sallama muka turo Inna a keke muka tarar bakin ɗakin cike da mutane. Ga shugaban asibiti, ga mai hoto, ga wani allo mai ƙyalli a hannun Ba-Ruwana. Lambar yabo ce aka ba ɗakin: tunda aka kafa sabuwar doka ba marar lafiya ko ɗaya da ta faɗi. Ana ta tafi. Mai hoto ya hango Inna fes da ita cikin farin mayafi, ya ce yauwa, a matso da Mama tsakiya, hoton zai fi kyau da marar lafiya a ciki. Har ya kama hannun keken.

Yaya ta cire hannunsa a hankali. Ta dubi shugaban ta ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne ba wadda ta faɗi. Akwai mai ƙirga waɗanda ba su tashi ba?"

Ya yi murmushi irin na manya, ya ce shawara ce mai kyau, ta rubuto wa kwamiti. Ba-Ruwana ta sunkuyar da kai, allon ya karkace a hannunta, mai hoto ya ce ta gyara riƙo. Muka tura keken muka wuce ta gefe.

Kada in ja muku rai, har yau Inna ba ta taka ba. Yaya tana nan a ƙasan bene tana dafa almakashi. Ta rubuta wa kwamitin, ta sake rubutawa. Kullum kafin ta tafi aiki sai ta biyo gida ta zaunar da Inna, ta miƙar da ita a jikin taga, tana mata faɗa. Wani lokaci ƙafar ta ɗan riƙe, wani lokaci ta ƙi. An ce a shekarunta abin da gado ya ci ba lallai ya dawo ba. Goggo har gobe cewa take ƙaddara ce, ni kuma in ta faɗa sai in tashi in bar mata wurin, don ƙanwar uba ce.

Amma ranar da muka dawo da ita gida ita ce ba ta barin idona. Mota ta tsaya a bakin layinmu, don ba ta iya shiga lungun. Maƙwabta sun ji labari, sun firfito ƙofar gidajensu. Na zagaya zan fito da keken daga bayan mota, Inna ta kira ni ta taga. Ta ce in bar shi a ciki. Ta ce mutanen layin nan ba su taɓa ganin an tura ta ba, kuma ba yau za su fara ba.

Na dubi Yaya. Ta zo ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatar Inna ta dama, na sa tawa ta hagu, muka miƙar da ita. Ba nauyi, kamar ka ɗauki ƙunshin yadi. Zanenta ya sauka har ƙasa ya rufe ƙafafun. Muka fara tafiya, ita kuma ta ɗaga kai tana amsa gaisuwa, tana kiran kowa da sunansa, tana tambayar yara da masu gida. Suna ta yi mata barka, suna cewa ma sha Allah, jiki ya yi kyau. Ni da Yaya ne kawai muke jin yatsunta suna jan ƙasa a ƙarƙashin zanen.

Da muka kai tsakiyar layin ta matse min wuya. Ba ta daina murmushi ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda mu biyu kawai za mu ji.

"Ku rage sauri," ta ce. "Za su gane ba ni ke tafiyar ba."

Muka rage. Yaya ta juyar da fuska wajen bango don kada maƙwabta su ga idonta, muka ci gaba da jan uwarmu a hankali har ƙofar gida.